Wa'adin 31 ga Janairu: yadda Amurka ta ƙwace Baƙaƙen Duwatsu daga hannun Lakota

A watan Disambar 1875 manzanni suka tashi daga cibiyoyin gwamnatin Amurka da ke gaɓar kogin Mizuri da arewacin Nebraska, inda ake raba wa ƙabilun asalin ƙasar abinci da kayan rabo, suka nausa daji da saƙo guda. Duk wani ɗan ƙabilar Lakota, ɗaya daga cikin waɗannan ƙabilu, da ke zaune a filayen farauta ya tattaro iyalinsa ya iso cibiyar gwamnati kafin 31 ga Janairun 1876. Wanda bai zo ba an ɗauke shi abokin gaba, soja za su je su same shi.

Mu da ke kukan hunturu in ma'aunin zafi ya sauko digiri 12, sai mun yi da gaske kafin mu fahimci abin da aka nema a wurin mutanen nan. A waɗannan filaye sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Dusar ƙanƙara ta binne ciyawa, dawaki sun rame suna gaigayar ɓawon itace, ga tsofaffi ga jarirai a tantunan fata, ga tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wasu manzannin ma ba su dawo gida ba sai da wa'adin ya wuce. Ranar 1 ga Fabrairu, sakataren harkokin cikin gida Zachariah Chandler ya miƙa maganar ga ma'aikatar yaƙi. Ni a ganina, wanda ya fahimci wannan wa'adi ya riga ya fahimci rabin yaƙin da ya biyo baya, domin an yanka shi ne da sanin cewa ba za a iya cika shi ba.

Turawa na rubuta sunan mutanen Sioux, suna furta shi "Su". Laƙabi ne da Faransawa suka gutsuro daga bakin maƙwabtansu Ojibwe. Su kuwa suna kiran kansu Dakota a gabas, Lakota a yamma. Na yamman su ne wannan yaƙi ya fi shafa, kuma zuriya bakwai ne, daga ciki akwai Oglala da Hunkpapa da Minikonju da Sicangu. Rayuwarsu a kan abu biyu take, doki da ɓaunar Amurka, wata ƙatuwar dabba mai tozo da gashi. Naman ɓauna shi ne abinci, ana shanya shi kamar kilishi a ajiye don sanyi. Fatarta ce tanti da mayafi da takalmi, jijiyarta zare da tsarkiyar baka. Doki kuma shi ke kai mutum ga ɓauna. Raba Lakota da ɗayan biyun nan, ka raba shi da 'yancinsa. Hafsoshin Amurka sun san haka sarai.

Rigimar ta daɗe tana ci. A 1854, saboda saniyar wani matafiyi da aka yanka, wani ƙaramin hafsa mai suna Grattan ya shiga zangon Sicangu da soja kimanin 30, aka harbe shugaban zangon, su ma babu wanda ya tsira. A 1862 Dakota na Minesota suka yi bore bayan an jinkirta musu kuɗi da abincin da aka yi alkawari, aka zubar da jini mai yawa ta kowane ɓangare, sannan ranar 26 ga Disamba aka rataye mutum 38 daga cikinsu a garin Mankato a lokaci guda. Sai yaƙin Mahpiya Luta, wato Jan Gajimare, wanda Turawa ke kira Red Cloud. An ratsa hanyar Bozeman ta tsakiyar filayen farautarsu zuwa ma'adinan Montana, aka kafa barikoki don tsaronta. Ranar 21 ga Disambar 1866 mayaƙan Lakota da na ƙabilun Shayen da Arapaho suka yaudari Kyaftin Fetterman ya biyo su, suka kashe shi da mutanensa, su 81. Gwamnati ta gaji, ta nemi sulhu, ta janye daga barikokin, aka banka musu wuta.

Wannan sulhu shi ne yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868, kuma duk abin da zai zo a kanta yake rataye. Ta keɓe wa Lakota dukan yammacin abin da yake Dakota ta Kudu a yau, daga kogin Mizuri zuwa yamma, har da tsaunukan da suke kira Paha Sapa, Baƙaƙen Duwatsu, saboda duhun itatuwan da suka lulluɓe su. Wuri ne na ibada a wurinsu, kuma mafaka da rumbun nama lokacin sanyi. Ta kuma bar musu yankin kogin Powder a matsayin ƙasar da ba a sallama ba, inda Bature ba zai zauna ba. Sai sashe na 12, wanda ya ce ba za a yanki ko taƙi ɗaya na keɓaɓɓiyar ƙasar ba sai kashi uku cikin huɗu na balagaggun mazansu sun sa hannu. Ke nan mutanen da aka ba wa'adin Janairu suna zaune ne a inda takardar Amurka da kanta ta yarda su yi farauta.

Shekara shida takardar ta yi. A 1873 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka rufe, mutane suka rasa aiki. A daminar 1874 aka tura Laftanar Kanal George Custer da mutum kimanin 1,000 cikin Baƙaƙen Duwatsu da sunan neman wurin kafa bariki, amma a cikin ayarin akwai masu haƙar zinare da 'yan jarida. Aka ga zinare a rafin French Creek, jaridu suka yayata, dubban mutane suka yi ca. Da farko soja sun riƙa korar masu kutsen, suna fita ta nan suna dawowa ta can. A Satumbar 1875 gwamnati ta aika kwamitin Sanata Allison da tayin dala miliyan 6 a sayi tsaunukan, ko dala 400,000 a shekara a matsayin haya. Shugabannin da ke zaune a cibiyoyi, irin su Jan Gajimare, sun nemi abin da ya ninka haka nesa ba kusa ba. Waɗanda ke daji kuwa, su Tatanka Iyotake na Hunkpapa, da aka fi sani da Sitting Bull, da Tasunke Witko na Oglala, wato Crazy Horse, ko taron ba su halarta ba. Ciniki ya watse.

Ranar 3 ga Nuwambar 1875 Shugaba Ulysses Grant ya zauna a fadarsa da Janar Sheridan da Janar Crook da sakatarorin yaƙi da na cikin gida. Aka tsayar cewa soja su daina tare masu haƙar zinare. Wata guda bayan haka wa'adin ya fito. Lissafin a fili yake. Muddin akwai dubban Lakota masu cin gashin kansu a daji, na cibiyoyi ba za su sayar ba. In aka karya na daji, sauran za su sa hannu.

Dabarar Sheridan ita ce yaƙin sanyi. Ya gwada ta a kudu a 1868, lokacin da Custer ya auka wa zangon Shayen a kogin Washita da asuba, ya kashe mutane ya harbe ɗaruruwan dawaki. Ranar 17 ga Maris 1876 Kanal Reynolds ya auka wa wani zango a kogin Powder yana zaton na Tasunke Witko ne, ashe galibinsu Shayen ne. Ya ƙone tantuna da abinci ya kora dawaki, amma cikin dare masu dawakin suka biyo suka ƙwato mafi yawansu. Waɗanda aka ƙona wa muhalli suka taka a cikin ƙanƙara har zangon Tasunke Witko, daga nan aka rankaya wurin Tatanka Iyotake. Harin da aka kai don a tarwatsa su, shi ya haɗa kan Shayen da Lakota wuri guda.

Da sanyi ya wuce aka shirya runduna uku su yi musu ƙawanya: Crook daga kudu a Wayomin, Kanal Gibbon daga yamma a Montana, Janar Terry da Custer daga gabas a Dakota. A nan akwai kuskuren lissafi da ya kamata a tsaya a kai. An gaya wa hafsoshin cewa mayaƙan da ke daji ba su wuce 800 ba. Adadin daga rahoton wakilan cibiyoyi ya fito, su kuwa wakilan gwargwadon yawan kawunan da suka rubuta ake aiko musu da kayan rabo, don haka ba su da sha'awar bayar da rahoton cewa mutane sun fice. Alhali kuwa da ciyawa ta tsiro, dubbai sun bar cibiyoyin, inda gari da nama suka yi ƙaranci, suka tafi farauta wurin 'yan'uwansu. Tsoron hafsoshin ɗaya ne tak, kada mutanen su watse kafin a cim musu. Babu wanda ya kawo a ransa cewa za su tsaya.

A farkon Yuni aka yi babbar ibadarsu ta shekara, Rawar Rana, a gaɓar rafin Rosebud. Tatanka Iyotake ya zauna ya miƙa hannuwansa, aka yi ta ɗaga fatar da tsinke ana yanke ƙananan tsoka, 50 a dama 50 a hagu, sadaka ga Mahalicci kamar yadda suka yi imani. Ya tashi jini na zuba ya yi rawa yana duban rana har ya faɗi. Da ya farfaɗo ya ce ya ga soja suna zubowa cikin zango kamar fara, kawunansu a ƙasa. Ko me mutum zai ce game da wannan, tasirinsa a zukatan samarin zangon ba abin musu ba ne.

Ranar 17 ga Yuni mayaƙan suka yi tafiyar dare suka tari Crook a Rosebud, shi da soja sama da 1,000. Aka kwashe kusan awa shida ana gwabzawa. A tsakiyar faɗan aka harbe dokin wani Bashayene, ƙanwarsa ta sukwano doki cikin ruwan harsashi ta ɗauke shi, shi ya sa har yau Shayen ke kiran ranar da faɗan da yarinya ta ceci ɗan'uwanta. Crook ya ce shi ya yi nasara tunda shi ya kwana a filin, amma ya juya kudu ya zauna sama da wata guda yana jiran ƙarin soja. Terry da Custer ba su san abin da ya same shi ba.

Kwana takwas bayan haka Custer ya iso kwarin kogin Little Bighorn da rundunar mahaya ta 7, mutum wajen 600. An yi masa tayin bindigogi masu jigida ya ƙi, don za su rage masa sauri. Da asuba masu bin sawunsa suka hango garken dawaki daga kan tsauni, suka gaya masa ba su taɓa ganin zango mai girman wannan ba. Mutum wajen 7,000 ne a ciki, mayaƙa tsakanin 1,500 da 2,000. Shi dai abin da ke damunsa kada a gudu, sai ya kasa rundunar. Kyaftin Benteen ya yi hagu don bincike, Manjo Reno ya auka ta kudancin zangon da mutum kimanin 140, shi kuma ya bi ta kan tudu da kamfani biyar. Harsasan Reno na farko sun faɗa tantunan Hunkpapa, suka kashe mata biyu da 'ya'ya uku na wani jarumi mai suna Gall. Ba a jima ba aka tura Reno cikin kurmi. Yana tsaye kusa da Bloody Knife, mai bin sawu ɗan ƙabilar Arikara, harsashi ya fasa kan mutumin, jini ya fantsamo masa a fuska. Daga nan ya ruɗe, janyewa ta zama gudu, aka bi su ana sara har suka haye tudu. Saƙon ƙarshe da ya fito daga wurin Custer wani mai busa ƙaho ɗan asalin Italiya ne ya kai wa Benteen, 'yar takarda da ke cewa zango babba ne, a yi sauri, a kawo kayan harsashi. Benteen ya tsaya wurin Reno. Custer da mutum kimanin 210 da ke tare da shi babu wanda ya rayu. Jimillar matattun rundunar ta kai 268. Binciken da masu tonon tarihi suka yi a filin bayan gobarar daji ta 1983 ya nuna cewa da yawa daga mayaƙan na riƙe da bindigogi masu ɗaukar harsashi da dama, irin su Winchester da Henry, alhali ta soja ɗaya-ɗaya ake ɗura mata.

Akwai abin da masu son Lakota kan tsallake, ni kuwa ina ganin gaskiya ta fi. Filin da aka yi wannan faɗa ƙasar ƙabilar Crow ce bisa yarjejeniyar 1851, kuma Lakota da ƙarfin doki da bindiga suka tura Crow yamma, kamar yadda suka matsa wa Arikara da Pawnee. Shi ya sa 'ya'yan waɗannan ƙabilu suka yi wa soja jagora. Suna da dalilinsu, kuma dalili ne mai nauyi. Sai dai wannan bai wanke Washinton ba, domin ba don ta mayar wa Crow haƙƙinsu ta fito ba, kuma alkawarin da ta karya da hannunta ta rubuta shi.

Labarin ya isa gabashin Amurka a makon da ake bikin cika shekara 100 da samun 'yanci, ana baje koli a Filadelfiya. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Majalisa ta ƙara mahaya 2,500, ta ba da kuɗin gina barikoki biyu a yankin kogin Yellowstone, aka damƙa cibiyoyin Lakota a hannun soja. Ranar 15 ga Agusta ta zartar da dokar da ta ce ba za a ƙara ba su abinci ba sai sun sallama Baƙaƙen Duwatsu da filayen farauta. Lakota na kiranta dokar "ka sayar ko ka mutu da yunwa". A watan Satumba kwamitin Manypenny ya zagaya cibiyoyi da takarda. Waɗanda aka tsare da wannan zaɓi su ne waɗanda ba su yi yaƙin ba, suna zaune inda aka ce su zauna. Kimanin kashi 10 cikin 100 na mazan ne suka sa hannu, inda yarjejeniya ta ce 75. Duk da haka ranar 28 ga Fabrairun 1877 Majalisa ta mayar da takardar doka. Tun a Oktoban 1876 kuma soja sun bi cibiyoyin sun ƙwace dawaki da bindigogi, har na Jan Gajimare.

A daji kuwa babban zangon ya riga ya watse, don babu ciyawar da za ta riƙe dubban dawaki a wuri guda, babu naman da zai ciyar da mutum 7,000 na tsawon makonni. A nan bambancin ɓangarorin biyu yake. Sojan Amurka albashi yake ci, jirgin ruwa da jirgin ƙasa na kawo masa gari da harsashi, in ya mutu a ɗauko wani. Mayaƙin Lakota shi ne maharbin gidansa. Duk ranar da ya yi a fagen fama rana ce da bai shanya naman sanyi ba, kuma matarsa da 'ya'yansa suna bayansa a tanti. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sojan ma sun sha wuya, har mutanen Crook suka ci dawakinsu da alfadaransu a tafiyar Satumba kafin su auka wa wani zango a Slim Buttes, amma su suna da inda za su koma su ƙoshi.

Ranar 25 ga Nuwambar 1876 da asuba Kanal Mackenzie ya auka wa zangon Shayen na shugabansu Dull Knife a tsaunukan Bighorn. Mutane suka fito da abin da ke jikinsu kawai. Aka ƙone tantuna da busasshen nama da mayafai, aka kora ɗaruruwan dawaki. A daren jarirai suka daskare a jikin iyayensu mata. Aka riƙa yanka sauran dawakin ana cusa hannuwa da ƙafafun tsofaffi cikin cikinsu don su ji ɗumi. Haka suka taka kwana da kwanaki har wurin Tasunke Witko, wanda shi ma ba shi da abin da zai ishe nasa. Kanal Miles ya ci gaba da bin su cikin ƙanƙara, suka yi arangama a Wolf Mountain ranar 8 ga Janairun 1877. Mutane kaɗan ne suka mutu a faɗan, amma ya nuna cewa ko tsakiyar sanyi babu hutu. Ranar 6 ga Mayu Tasunke Witko ya shigo barikin Robinson da mutum kusan 900 ya ajiye makami. Ranar 5 ga Satumba, ana ƙoƙarin tura shi ɗakin tsaro, wani soja ya soke shi da wuƙar bakin bindiga, ya cika a daren.

Tatanka Iyotake ya haye Kanada. An bar shi ya zauna, amma ba a ba shi ƙasa ko abinci ba. A wannan tsakanin maharban fata na ta karkashe ɓauna, ana kai fatun masana'antu a yi bel ɗin injuna. Dabbar da ta kai miliyoyi masu yawa a farkon ƙarnin, kafin ƙarshen shekarun 1880 saura 'yan ɗaruruwa a daji. A Yulin 1881 ya iso barikin Buford da mutum ƙasa da 200, cikin yunwa da tsumma, ya ba ƙaramin ɗansa bindigarsa ya miƙa wa hafsan.

Abin da ya rage ya zo da sauri. A 1889 aka daddatsa babbar ƙasar aka mayar da ita ƙananan yankuna, irin su Pine Ridge da Rosebud da Standing Rock, aka buɗe miliyoyin eka ga baƙi, aka kuma rage rabon nama. Cikin wannan ƙunci wata sabuwar ibada, Rawar Ruhohi, ta bazu da alkawarin dawowar matattu da ɓauna. Wakilan gwamnati suka tsorata. Ranar 15 ga Disambar 1890 'yan sandan ƙabila da aka aika su kama Tatanka Iyotake suka harbe shi a ƙofar gidansa. Ranar 29 ga wata rundunar mahaya ta 7, wadda Custer ya jagoranta a da, ta kewaye mutanen Spotted Elk, wani shugaban Minikonju, a rafin Wounded Knee tana karɓe makamai. Bindiga ta tashi, igwa huɗu da aka girke a tudu suka buɗe wuta. An kashe tsakanin mutum 250 da 300, da yawansu mata da yara, wasu an tsinci gawarsu nesa da zangon inda aka bi su. Soja kimanin 20 aka ba lambar yabo mafi girma ta ƙasar saboda wannan rana, kuma ba a janye ta ba har yau.

Ma'adinin Homestake kaɗai, a cikin Baƙaƙen Duwatsu, ya fitar da zinare sama da oza miliyan 40 kafin a rufe shi a farkon shekarun 2000. A jikin ɗaya daga tsaunukan aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu tsakanin 1927 da 1941. Lakota kuwa suka shiga kotu, suka shafe kusan shekara 60 ana yi. Ranar 30 ga Yunin 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa an karɓe ƙasar ba tare da biyan diyyar da ta dace ba, ta amince da dala miliyan 17.1 da kuɗin ruwa na kashi 5 cikin 100 tun daga 1877, jimilla sama da dala miliyan 100. Majalisun ƙabilun suka ƙi karɓa. Hujjarsu ita ce karɓar kuɗin na nufin an kammala cinikin da kakanninsu suka ƙi yi, kuma daga ranar babu sauran maganar ƙasa. Yankin Pine Ridge na cikin wurare mafi talauci a duk Amurka, ga rashin aiki ga gajeren rai. Kuɗin suna can a asusun gwamnati suna haihuwa, sun haura dala biliyan 1, babu wanda ya sa hannu ya karɓa.